Rainon Ci-ma-zaune a Alƙahira

Shekara tara na yi ina malamar gona a yankin Ɗanja, kuma in za a taƙaita aikina, kashe tsutsa ne. Na san lokacin feshi, na san maganin tumatir da na masara, har manoma suka laƙaba mini Zinatu Maganin Tsutsa, ni kuwa ina amsawa da fara'a. Sai ga shi Allah ya kai ni Alƙahira karatun kariyar shuka na shekara guda, inda komawata gida ta rataya a kan in raini tsutsa ta rayu.

Na bar 'yata Fiddausi, mai shekara huɗu, a hannun mahaifiyata Goggo. Na riƙe hannunta na yi mata alkawari cewa kafin ruwan shuka ya sauka na dawo. Watannin farko, duk sanda na kira sai ta yi kuka ta ce yaushe. Daga baya ta daina tambaya, ta gaishe ni kawai ta miƙa wa Goggo waya. Wannan ya fi kukan yi mini ciwo.

Zangona na farko unguwar Madinat Nasr ce. Na samu ɗaki a wani gida da 'yan mata uku 'yan Nijar masu karatun addini, babbarsu Ramatu 'yar Damagaram. Mutanen kirki ne masu tsabta, irin tsabtar da ko cokali ka ajiye a karkace sai an gyara shi a bayan idonka. Su suka koya mini hawa mikrobas, da yadda ake miƙa kuɗin mota daga hannu zuwa hannu har ya isa ga direba, da yadda ake cin ful, dafaffen wakensu, da safe ba tare da an tuna ƙosai ba. Na ƙarshen nan har yau ban iya ba.

A zango na biyu na karatu muka haɗu da Duktur Ra'afat, wani dattijo gajere mai kofin shayi a hannu kullum. Ranar farko ya ce shi ba ya gwada ɗalibi da takarda kawai.

"Wanda bai raini ƙwaro daga ƙwai har ya yi fiffike ba, bai san abin da yake kashewa ba," in ji shi. "Kowa zai raini ɗaya. Ƙarshen Mayu a kawo mini shi da ransa, tare da littafin da aka rubuta kowane mataki. Wanda bai kawo ba, mu haɗu baɗi."

Darasin sau ɗaya ake yin sa a shekara, kuma ba a ba da takardar kammalawa sai da shi. Baɗi a bakinsa kalma ce ƙarama. A kunnena kuwa wata shekara ce cur ba Fiddausi.

Ya zuba 'yan takardu a kwali kowa ya zara. Tawa an rubuta Acherontia atropos. Ya ja wata durowa ya nuna mini busasshe da aka soke da allura. Faɗa-wuta ne, dangin malam-buɗe-littafi masu yawon dare, amma ƙato. In ya buɗe fukafukai ya rufe tafin hannuna. Fukafukan gaba duhu ne mai ratsi-ratsi kamar ɓawon itace, na baya rawaya da layi biyu baƙaƙe, cikinsa ma rawaya da baƙi. A gadon bayansa kuwa, daidai tsakanin kafaɗu, akwai zanen ƙoƙon kan mutum, har da ramukan idanu. Na yi a'uziyya a zuci.

Duktur ya ga fuskata ya yi murmushi. "Kada ki ji tsoro, ya Zinat, ɗan ƙasarku ne. Yana ko'ina a Afirka, yana nan Gabas ta Tsakiya da bakin Bahar Rum. Idan zafi ya shiga Turai sai ya tsallaka teku, ya bi Italiya da Faransa da Jamus, har Ingila da abin da ke samanta. Ya yi ƙwai a gonakin dankalinsu. Amma 'ya'yansa ba sa jure sanyin arewacin can, hunturu na zuwa su mutu a cikin ƙasa. Shekara ta zagayo wasu su sake tasowa daga nan. Turawa sun sa shi a littattafan ƙwarinsu, alhali a yawancin ƙasashensu baƙo ne."

Na ce, "Ashe ɗan ci-rani ne."

Da na fassara masa ci-rani sai da ya ajiye kofinsa ya yi dariya. Ya ƙara da cewa ɓarawo ne kuma: yana kutsawa cikin amya ya sha zuma, ƙudan zuma su ƙyale shi don warin jikinsa irin nasu ne. In kuma an taɓa shi yana tsuwa. Duk wannan na rubuta. Abin da bai faɗa ba shi ne inda zan samo ƙwan, don a ganinsa neman ma yana cikin darasi.

Wani ɗan ajinmu ya ce babu abin da ba a sayarwa a kasuwar tsuntsaye ta ranar Juma'a. Na je. Tsakanin masu tattabaru da masu zomaye na tarar da wani mutum mai dogon gashin baki da kwalaye a gabansa. Na nuna masa hoton ƙwaron a waya. Ko ƙiftawa bai yi ba. Ya rantse da idonsa, ya rantse da 'ya'yansa, ya ce ni Allah ya aiko wa su. Ya buɗe kwali, ga 'yan tsutsotsi farare a kan ganye, kowace da ɗan ƙaho a wutsiya, daidai yadda littafi ya ce. Har ya ƙara mini ganye kyauta, na yi ta sa masa albarka.

Mako guda ina tarairayarsu, ina aunawa da rula, ina rubutawa. Na kai wa Duktur ina tafe ina taƙama. Ya leƙa kwalin, ya cire tabarau, ya yi dariya har ta koma tari. Tsutsar alharini ce, irin wadda yaran Masar suke saya a ƙofar makaranta su yi wasa da ita. Malamar gona ta shekara tara. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Amma dariyar ta yi mini rana. Bayan kwana uku ya kira ni ofis ya miƙo mini kwalin ashana. A ciki guntayen ganyen dankali ne, kowanne da ƙwai ɗaya manne a bayansa, kore-kore, bai fi ƙwayar gero ba. Daga gonar wani abokinsa a Fayyum aka tsinto su.

"Tara ne," ya ce. "Ba ni da na goma."

Kafin mako ya cika duk sun ƙyanƙyashe. Abin farko da kowace ta yi shi ne cinye ɓawon ƙwanta, sannan ta nemi ganye. Ganyen da suke ci na dangin dankali ne da gauta. Na roƙi wata mai kayan miya a bakin titi ta tara mini ganyen gauta, ta tara mini da zuciya ɗaya. Washegari uku sun miƙe. An yi wa ganyen feshi, kuma da na sansana na gane maganin, irin wanda ni da bakina nake koya wa manoma. Na zauna a bakin gado na rasa wa zan yi wa faɗa.

Allah ya taimake ni da zaƙami. Na gan shi ya fito a bayan katangar wani gini da ba a ƙarasa ba, inda ba mai feshi ba mai kallo. Shi ma danginsu ne, kuma suka karɓe shi hannu biyu. Sai dai mace mai hijabi tana tsinkar zaƙami kullum da safe abin magana ne ga duk wanda ya taso a ƙasar Hausa. Ramatu ta zaunar da ni ta yi mini nasiha mai ratsa jiki kan abubuwan da ke gusar da hankali, da aya da hadisi, kafin in samu bakin cewa ba ni zan sha ba.

Zaman ya ɓaci ne ranar da ɗaya ta tsere daga bokiti. Ramatu ta ɗauko hijabinta za ta yi sallar azahar, ta ji abu mai sanyi yana tafiya a wuyanta. Ina makaranta. Kafin in dawo sun rufe tagogi sun fesa wa gidan maganin sauro lungu-lungu. Uku suka sake tafiya. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma Ramatu ta yi ta ba ni haƙuri har da hawaye. Amma duk mun san ni da bokitina ba mu da sauran zama a gidan. Ita da kanta ta yi cigiya a masallaci ta samo mini ɗaki, ta kuma raka ni da akwati.

Haka na tsallaka Nilu na koma Ard al-Liwa da tsutsa uku. Unguwa ce da gidaje suka matsu har rana sai ta yi tsaka take leƙo titi, tuk-tuk, keken napep ɗinsu, na wucewa yana shafar gefen zanenka. A hawa na biyar na sami Hajja Nafisa, doguwar tsohuwa cikin tob ruwan toka, lulluɓin matan Sudan, gidanta na ƙamshin sandal. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanta ya taso daga Haɗejiya a ƙafa zai je hajji, ya yada zango kusa da Sinnar, zangon ya zama gari. Yaƙi ne ya fito da ita. 'Ya'yanta sun warwatsu a ƙasashe uku, ita kuma tana haɗa turaren wuta tana sayar wa amare. Hausarta irin ta kakanninmu ce, da Larabci a tsakiya.

Ta dubi akwatina, ta dubi bokitin da na rufe da yankin gidan sauro.

"Mene ne a nan, ɗiyata?"

"Karatuna ne, Hajja."

Ta ɗaga ragar ta leƙa. Ta daɗe tana kallo.

"Tun daga ƙasar Hausa kika taso, kika baro ɗiya ƙarama, don kiwon tsutsa? Can babu ne?"

Na ce akwai, kashe su ma nake yi. Ta ce to tamam, daidai ke nan, alhakinsu ne ya biyo ni.

Na gaya mata labarin Duktur da ƙarshen Mayu da Fiddausi, na kuma ce hayaƙi na iya yi musu illa. Washegari na ga ta ɗauki kaskonta da itacen ƙamshinta ta hau saman bene da su, hawa biyu a kan namu, da gwiwoyinta masu ciwo. Tun daga ranar can take aikinta. Bokitin kuma ta ba shi wuri a baranda, wadda ta rufe da raga da labule mai kauri saboda idon maƙwabta. Ba komai a barandar sai igiyar shanya da wata garwar mai da ta cika da baƙar ƙasar Nilu ta shuka na'ana'a. Da wannan na'ana'ar muke shan shayi safe da yamma, kuma Hajja na ji da ita kamar gonar gado.

A gidan nan tsutsotsin suka ga duniya. Na samo wani zaƙamin a gefen layin dogo. Sau huɗu kowace ta saɓule fata, kuma duk saɓulewa sai ta fito ta fi da kyau. A ƙarshe suka zama rawaya shar, da ratsi bakwai masu ruwan shuɗi a karkace ta kowane gefe, ƙahon wutsiya ya lanƙwashe ya yi kaushi. Tsawonsu ya fi ɗan yatsana na tsakiya nesa, kaurinsu ya kai babban yatsa. In ka taɓa su sai su ja kai baya su riƙa ƙas-ƙas da baki. In gida ya yi shiru kana jin cinsu.

Ɗaya daga cikinsu ta sha feshin Madinat Nasr ba ta mutu ba, sai ta zama koma-baya. 'Yan'uwanta na zagaya bokiti, ita tana maƙale a ganye ɗaya tana ci. Hajja ta raɗa mata Ci-ma-zaune. Tun tana kallo daga nesa da tsaki, har ta fara zaɓar mata ganye mai laushi, tana yi mata hira kamar jika.

"Ci, ya bitti, ci, ɗiyata. Ba ki noma ba ki awo. Wa ya fi ki a Masar?"

Biyun farko suka ƙoshi, launinsu ya dushe ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, suka daina ci suka shiga zagaye. Wannan alama ce ta neman ƙasa. Irin wannan tsutsa ba ta saƙa gida a reshe. Nutsewa take yi cikin ƙasa, ta yi ɗan ɗaki, ta motse, ta saɓule fata ta ƙarshe ta zama wani abu ja mai sheƙi kamar ƙaton dabino, ta kwanta makonni kafin ta fito da fiffike. Na san duk wannan. Abin da ban sani ba shi ne a Ard al-Liwa ƙasa ba abin da ake durƙusawa a ɗiba ba ce, ko'ina siminti ne da kwalta. Na kalli garwar na'ana'a, kunya ta hana ni roƙo. Na sauka na ɗebo yashi a inda ake gini.

Suka shige cikinsa. Bayan kwana biyar zuciyata ta ƙi kwanciya, na tona a hankali. Yashin busasshe ne, ba ya riƙe ɗaki, ya rufta musu, ya kuma zuƙe ruwan jikinsu. Na same su a yamutse kamar busasshen barkono.

Saura Ci-ma-zaune.

A lissafina tana da sauran kwana biyar na ci. Ajinmu kuma zai je gonakin Fayyum na kwana uku, tafiyar dole. Na ce shi ke nan, daga can zan ciko leda da ƙasa mai kyau. Na tara ganye a jiƙaƙƙen tsumma, na ce wa Hajja ta riƙa ba ta safe da yamma. Iyakar abin da na faɗa mata ke nan. Ni da nake tara manoma a gindin bishiya in yi musu awa biyu kan rayuwar tsutsa, ban tsaya na yi wa tsohuwar da nake kwana gidanta bayanin minti biyu ba. A raina na ɗauka wannan ilimi ne, ba nata ba ne.

Na dawo rana ta uku da la'asar, da ledar ƙasata a hannu. Na tarar da bokitin an wanke shi an kife. Hajja na zaune a bakin gado, hannuwanta a cinya.

"Ma'alish, ɗiyata. Sai haƙuri. Ci-ma-zaune ta tafi."

Ta ce tun ranar da na fita ta ƙi ganye. Ta yi baƙi, ta yi ta zagaye bokiti yini da kwana kamar mai ciwon ciki. Jiya da azahar ta kwanta, ta motse, ko an taɓa ta ba ta tafiya.

"Ina take?"

"Na kawar da ita. Ban so ki zo ki gani."

Na san inda sharar gidan take zuwa, na kuma san mai kwasa yana zuwa kullum da safe. Na buɗe baki in ce mata ba mutuwa ta yi ba, lafiyarta ƙalau, ƙasa kawai take nema. Na dubi fuskarta na fasa. Me zai ƙara, ban da in ɗora mata abin da laifina ne? Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi kukan da ban yi ba tun zuwana ƙasar.

Duktur ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce an riga an haƙe dankalin abokinsa, kuma ko an samu ƙwai yau lokaci ba zai isa ba. Ya ce ma'alish. Ya ce sau uku, kuma na ga da gaske yake, amma bai ce ya janye sharaɗi ba.

Makonni uku da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Ina zuwa aji ina dawowa. Kullum in ce yau zan gaya wa Goggo, kullum in kasa. Wata rana Fiddausi ta karɓi waya, maimakon gaisuwa sai ta ce, "Mama, an fara sharar gona." Daga nan ta tsaya tana jira. Ashe ba mantawa ta yi ba, lissafi take yi. Na ce mata layi ba kyau.

Tsakanina da Hajja ba faɗa, amma hira ta ragu. Ta dawo da kaskonta ƙasa. Na lura kuma shayinmu ya daina zuwa da na'ana'a. Ran nan na miƙa hannu zan tsinka, ta ce in bar ta, tana hutawa. Da can kofi guda take kwarara wa garwar. Yanzu sai ta tsoma yatsu a kwano ta yayyafa kaɗan, kullum da safe, bakinta na motsi. Na ɗauka tsufa ne, ban tambaya ba.

Saura kwana huɗu Mayu ya ƙare, da hantsi, ina zaune da shayi ina tsara yadda zan faɗa wa Goggo, Hajja ta shiga baranda kwashe shanya. Ta ja tob ɗinta daga igiya sai wani abu ya yi tsuwa. Ta saki, ta ja baya.

"Ɓera," ta ce. "Miƙo mini tsintsiya."

Na miƙa mata. Ta ɗaga. Abin ya sake tsuwa, siririya, gajeriya, daga cikin ninkin mayafin, sama da ƙasa da kusan tsayin mutum. Ɓera ba ya hawa shanya ya zauna yana jira. Ban san sanda na riƙe hannunta ba.

Na buɗa ninkin da yatsa biyu. Tana maƙale da zane, fukafukai a rufe, sabuwa fil, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Na hura mata iska kaɗan ta buɗa, rawayan ya bayyana. Ƙoƙon kan nan da na yi wa a'uziyya yana kallona, kuma ban taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba. Na juya na dubi garwar. A gindin na'ana'a akwai rami sabo, faɗin babban yatsa.

"Hajja, ina kika kai Ci-ma-zaune?"

Ta ajiye tsintsiya. Ta gyara lulluɓi, ta dubi bango.

"Abin da ya ci abinci a gidana, na yi masa suna, ba na jefa shi a shara kyanwa ta yi wasa da shi. Na tona nan na sa ta. Ban danne ba." Ta sunkuyar da kai. "Kunya na ji in gaya miki. Tsohuwa da furfura tana yi wa tsutsa kabari. Sallah dai ban yi mata ba."

"Ruwan fa da kike yayyafawa?"

"Kabari ai ba a kwarara masa ruwa, ɗiyata. Yayyafi ake yi."

Na zauna daɓas a ƙasan baranda ina dariya ina kuka. Hajja ta matso ta ƙura wa ƙwaron ido, sannan ta tambaye ni a hankali ko wannan ɗin ita ce. Na ce ita ce. Ta ce subhanallahi, ta sake cewa, sannan ta ce ai kuwa ta yi kama da mai ci, dubi cikinta.

Da izininta na tona garwar da cokali. Kusan taƙi guda a ƙasa na samu ɗan ɗakin, bangonsa sumul, da ɓawon ja a ciki a tsage. Na auna, na zana, na sa ɓawon a kwalin ashana.

Saura matsala ɗaya: littafina yana da shafukan kwana ashirin da huɗu babu ko ɗigo. Na yi tunanin cike su daga abin da littattafai suka ce, ba mai ganewa. Hajja ta ce ita ba ta san boko ba, amma in shaida ake so ga ta. Washegari ta sa tob ɗinta na zuwa biki, fari mai furanni, ta turara shi. Muka hau tuk-tuk, muka hau mikrobas, bokitin a cinyarta, ta ƙi ba ni. Duk sanda mota ta faɗa rami sai a ji tsuwa, fasinjoji su dubi ƙafafunsu, Hajja ta dubi taga kamar ba ta ji ba.

Duktur ya ɗaga ragar ya daɗe yana kallo. Sannan ya buɗe littafina, ya yi ta juyawa har ya iso fararen shafukan.

"Nan fa?"

Na gaya masa gaskiya duka, har da yashi, har da bayanin da ban yi ba. Ya juya ga Hajja ya ba ta kujerarsa. Ya tambaye ta zurfin ramin, ta nuna da hannu. Ya tambayi irin ƙasar, ta faɗa. Ya ce da bakinsu na Masar, "Ruwa nawa, ya Hagga?" Ta tsoma yatsu a kofin ruwansa ta yayyafa masa a kan tebur, har kan takardunsa. Ya dubi ɗigon, ya dube ni.

"Me ya sa biyu suka mutu, wannan ta rayu?"

Na ce ƙasa mai laushi da ke riƙe ɗaki, da danshi kaɗan kullum, da kuma barin ta ba tono.

"Shekara tara kina koyarwa, yau an koya miki," ya ce. "Zauna ki cike shafukan nan da abin da Hagga ta faɗa, ki rubuta daga bakin wa kika ji."

Na zauna a nan na rubuta, shi kuma yana ɗiga wa Ci-ma-zaune ruwan zuma a cokalin shayi, Hajja na gaya masa ba ta son a matsa mata. Da na gama ya karanta, ya zaro alƙalami ya sa hannu.

Tun a matakalar makaranta na kira gida. Na ce wa Fiddausi ta gaya wa Goggo a ajiye mini irin gyaɗa, da ni za a shuka. Ta yi ihu har Hajja ta ji daga inda take tsaye, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar jami'a, masu gadi suna kallo.

Da muka isa gida ta ɗora shayi, ta tsinko na'ana'a cike da hannu. Ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Ina ta lissafa abin da zan saya wa Fiddausi, da tuwon da zan fara ci, da yadda zan kwana a tsakar gida in ga taurari. Sai can na lura ni kaɗai nake magana. Hajja na juya cokali a kofi, sukarin ya daɗe da narkewa. Ni ina da gidan komawa. Ita nata ko labarinsa ba ta samu, kuma in na tafi ba wanda za ta yi wa Hausa da safe.

Na ce, "Hajja."

Ta ɗago tana dariya, ta share ido da gefen tob.

"Da na san abin da nake yi, ɗiyata, da a shara na zuba ta, ki ƙara mini shekara." Ta turo mini kofin. "Sha, kada ya huce. Gobe mu je a nemo miki kwalin haɗa kaya."